Sunan Kawu a Ƙasan Takarda

Kawuna, yayan mahaifiyata, malami ne a Maiyama. Ya yi shekara arba'in yana tsara waƙoƙin karantarwa da ajami, bai taɓa sa sunansa a ko ɗaya ba. Akwai ta alwala, akwai ta rabon gado, akwai ta awo da mudu, akwai kuma wata doguwa a kan yanka wadda mahautan Jega da yawa suka haddace tun suna yara. Masu irin wannan aiki sukan rufe waƙa da baitin da ke faɗin wanda ya yi ta da garinsu. Shi in ya kai ƙarshe sai ya yi salati ya ajiye alƙalami. Ranar da malaminsa ya ba shi izinin karantarwa ya ɗaukar masa alkawari cewa ba zai sa suna ba, don kada yabon mutane ya cinye masa ladansa tun a duniya. Malamin ya daɗe da rasuwa, alkawarin kuwa yana nan.

Ni wannan alkawari haushi yake ba ni tun ina saurayi. Ina da shagon buga takardu kusa da tashar Jega, kuma aikina gaba ɗaya sunaye ne. Na ga dattijo ya dawo da katin ɗaurin aure ɗari uku saboda an manta ba a sa masa Alhaji ba. Na ga an kusa dambe a ƙofar shagona a kan wanda sunansa zai hau sama a takardar ƙungiya. Ga mutum guda da ya cancanci a san shi, ya ɓoye kansa, har wasu suna rera baitocinsa a wurin wa'azi suna gyara rawani kamar su suka yi. In na kai masa ƙara sai ya yi dariya ya ce, "To ba sun hwaɗi daidai ba? Mi kaka so kuma?"

Da na sayi waya mai kyau sai na fara ɗaukar muryarsa. Kusan kowane mako nakan hau babur in je Maiyama da hantsi, in same shi a zaure, in ajiye wayar a kan buzunsa. Murya gare shi mai kauri, ba ya gaggawa, kuma kafin kowane sabon babi yakan yi wani ɗan gyaran murya sau biyu, gajere da dogo. Yakan rera baiti, ya tsaya ya yi bayani, wani lokaci ya amsa tambayar wanda ya shigo. Duk na ɗauka. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini tun ranar farko.

"Ɗana, wanda duk yab biɗa, ka ba shi. Kak ka hana, kak ka sayar."

Na ce na ji. Shekara uku ina wannan zirga-zirga, har abin da na tara ya cika memorin waya biyu.

Wata rana, lokacin da ake cire albasa, wani abokina ya kira ni daga Aliero. Ya ce wasu mutanen kamfani sun sauka suna neman masu Hausar yankinmu, wai na'urarsu ta iya Hausar gabas kawai, manomanmu in sun ji ta dariya suke yi. Na rufe shago na tafi. Garin ya cika da manyan motoci, ko'ina buhuna, warin albasa har cikin ido. A wani masaukin baƙi na same su, an jera kujeru, mutane suna shiga ɗaya bayan ɗaya suna karanta jimloli ana ɗauka. Shugabar tasu wata mata ce mai fara'a, Bahaushiya ce amma ba ta nan ba. Da ta ji sana'ata sai ta tambaye ni ko na san inda za a sami tsofaffin muryoyi, na dattawa, masu tsawo. Hannuna yana cikin aljihu a kan wayar.

Ba zan ce ban iya Turanci ba, da shi nake cin abinci. Takardar da ta nuna mini a fuskar kwamfuta doguwa ce, amma na karanta inda ya kamata. Ta ce ni ne mai wannan kaya, kuma na ba kamfanin damar yin abin da ya ga dama da shi, a ko'ina, har abada. Akwai wani gurbi na sunan mawallafi. A nan na tsaya. Na ce mata mai waƙoƙin ba ya sa suna, alkawari ne tsakaninsa da malaminsa. Ta ce abin sha'awa, amma na'urar ba ta wucewa gaba in an bar gurbin babu komai, in sa nawa tunda ni na ɗauka. Na rubuta sunana, na juye musu duk abin da na ɗauka. Sun ba ni ɗan abin da suka kira kuɗin wahala, na karɓa. A hanyar komawa Jega, da buhun albasa ɗaure a bayan babur, na yi ta maimaita wa kaina rabin maganar Kawu, cewa wanda duk ya nema a ba shi. Ɗaya rabin ban taɓa shi ba.

Shekara biyu ban ji komai ba, har na fara mantawa.

Ran nan da azahar na fito sayen rake a tasha, sai na ji Kawu yana faɗin yadda ake zuba wa albasa taki. Na juya da sauri ina neman inda yake zaune. Wani direba ne a gindin mota, ya kara waya a kunne ya buɗe sauti. Muryar ta gama batun taki, direban ya danna ya tambaye ta ko za a yi ruwa a hanyar Yawuri, ta yi gyaran murya sau biyu, gajere da dogo, ta amsa masa. Na tsaya da rake a hannu ban san lokacin da mai raken ya ba ni canji ba.

Manhaja ce ta kamfanin, kyauta ake saukewa. Ka tambaye ta komai da baki ta amsa maka da baki. Tsakanin amsa da amsa takan yabi wani irin taki ko wani maganin feshi. Cikin 'yan watanni ta cika Jega. Masu shayi, 'yan kabu-kabu, masu awon hatsi, kowa da ita. Kamfanin bai faɗi ko muryar wa ce ba, amma duk wanda ya taɓa zama a zauren Maiyama ya gane ta. Aka sa mata suna Malamin Waya. Wasu har suna zuwa shagona su yi mini murna, wai ashe Malam ya shiga zamani.

Daga ranar zama ya gagare ni. In ina buga takarda sai in tashi in leƙa waje, in dawo, in sake tashi. Na sauke manhajar, na goge, na sake saukewa. Nakan yi mata tambayoyin da na san amsar Kawu a kansu, in ta faɗi daidai in ji sanyi, in ta kauce in kashe wayar. Ta fi faɗin daidai, kuma wannan ne ya sa na yi ta yi wa kaina ƙarya cewa abin zai wuce. Na daina zuwa Maiyama. Mahaifiyata ta tambaye ni ko mun saɓa da yayanta, na ce aiki ne ya yi yawa. Ta dube ni ta ce aikin da ya hana mutum tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ai ya kamata a ga ya sake mota.

Abin ya fashe a kan saniya. Ranar kasuwa ana sauke shanu daga babbar mota, wata ta zame ta faɗo da baya, lakar ƙashin bayanta ta tsinke. Tana numfashi, tana motsa ido, amma ba ta tashi. A karatun da malamanmu suke bi, dabbar da lakarta ta tsinke yanka ba ya halatta ta, kuma waƙar Kawu ta faɗi haka ƙarara. Mahaucin da ya saye ta yana da shakka, ga asara a gabansa, sai ya ciro waya ya tambaya. Malamin Waya ya ce masa muddin tana motsi ya yanka, halal ce. Har da baiti biyu ya rera masa, masu amsa-amo irin na Kawu, waɗanda Kawu bai taɓa yi ba. Mutumin ya yanka, ya sayar, gari ya ci.

Kwana biyu bayan haka sarkin fawa ya shigo shagona. Dattijo ne da ya yi karatu a wurin Kawu yana yaro. Bai zauna ba. Ya ce mahauta sun rabu biyu, wasu na cewa an ciyar da mutane mushe, wasu na cewa ai Malam da bakinsa ya canja fatawa. Ya ce in ɗauko babur in kai shi Maiyama yanzu. Na nemi hanzari na rasa. Duk tsawon hanyar yana bayana, ni kuma ina ta addu'ar taya ta yi faci.

Mun sami Kawu a zaure yana feƙe alƙalami. Ya dube ni ya ce, "Baƙon Jega, ashe kana raye." Bayan gaisuwa sarkin fawa ya durƙusa ya faɗi abin da ya faru, sannan ya ciro waya ya maimaita tambayar da mahaucin ya yi. Muryar ta cika zauren. Na kasa duban kowa, na kafa ido a kan tawadar da ke gefen buzu.

Kawu ya saurara har ƙarshe. Ya ce a sake. Aka sake. Da aka zo wurin gyaran muryar, sai na ga ya kai hannu ya taɓa maƙogwaronsa.

"Muryata ta," ya ce a hankali. "Amma maganag ga ba tawa ba ta. Baitocin ga ban san su ba."

"Allah shi gahwarta Malam, mu dai mun ji murya munka yarda," in ji sarkin fawa.

"Mutum nawa sunka ci naman?"

"Allah kaɗai ya sani, Malam. Ranak kasuwa ta."

Kawu ya ajiye alƙalamin. Sannan ya juyo gare ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Ɗana, wa ab ba su?"

Na faɗa masa duka, da Aliero, da matar, da gurbin suna, da kuɗin wahala. Ina magana ina jin kunyar da ban taɓa ji ba, irin wadda mutum ke ji har a tafin ƙafa. Na so ya zage ni. Bai yi ba. Ya ce wa sarkin fawa ya koma ya gaya wa mahauta hukuncin yana nan yadda suka sani, kuma wanda ya ci bai sani ba babu laifi a kansa. Ni kuma ya ce in gaida mahaifiyata.

Na fita daga Maiyama da zafin rai, na ce sai na ga bayan kamfanin nan. Na sami wani lauya a Birnin Kebbi, abokin karatuna ne, na baje masa komai. Ya karanta hoton takardar da na sa wa hannu, wanda na ɗauka da waya a Aliero, ya cire tabarau ya dube ni irin duban da ake wa wanda ya kulle ƙofa ya jefa makulli a rijiya. Ya ce doka tana kare haƙƙin mawallafi tun daga ranar da ya rubuta abinsa, ko bai yi rajista ba. Amma kotu za ta tambayi wane ne mawallafin. Takardun Kawu babu suna. Takarda ɗaya tak a duniya da ta ambaci mai waƙoƙin nan ita ce tawa, kuma sunana ne a kai. Ya ce ita murya kanta, da salon da na'ura ta koya ta ƙirƙiro sabon baiti, wannan fage ne da lauyoyi ma suke gardama a kansa. In Kawu ya shigar da ƙara, abu na farko da kamfanin zai yi shi ne ya nuna ni, ya ce ga wanda ya rantse mana kayansa ne. Su suna da lauyoyin da ba su da wani aiki sai wannan, kuma ba sa gajiya da ɗage zama.

Ban haƙura ba. Na rubuta wa kamfanin wasiƙa, na sake rubutawa, na sake. Lambar matar nan ta daina shiga. Amsa takan zo cikin minti ɗaya, da ladabi, ana gode mini da tuntuɓa. Daga baya na gane ita ma amsar na'ura ce ke rubuta ta. A karo na huɗu wani mutum ya amsa. Ya ce za su iya goge abin da na ba su daga rumbunsu in na cika wata takarda, amma abin da na'urar ta riga ta koya ba ya ciruwa, ya narke a cikinta kamar gishiri a miya. Ya ƙara da cewa muryar ba ta kowa ba ce, haɗi ce daga muryoyi da yawa, kuma akwai gargaɗi a manhajar cewa tana iya kuskure. Na nemi gargaɗin na samu. Da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, a shafin da mahauci ba zai taɓa buɗewa ba.

Makonni na yi ina wannan haukan. Na rame, na yi ta ɓata wa mutane aiki, na buga katin suna da ranar da ta riga ta wuce. A tasha kuwa Kawu yana nan yana amsa tambayoyi daga kowane aljihu, yana tallar taki. Daga ƙarshe na koma Maiyama da niyyar in ce masa ya shigar da ƙarar, ko da ni za a fara kamawa.

Ya saurare ni har na gama. Batun kotu ko a jikinsa. Ya ce shi ba ya neman komai a hannunsu. Abin da ya hana shi sukuni daban ne. Tun bayan zuwan sarkin fawa, mutum uku sun zo masa da baitocin da suka ji a waya, ɗaya a kan gado, suna tambaya ko nasa ne.

"Waɗannan su na sunka zo," ya ce. "Waɗanda ba su zo ba hwa? Ƙaƙa mahauci za shi gane wadda niy yi da wadda ban yi ba?"

Na ce ban sani ba.

"Ni na sani. Miƙo mini gahwakag ga."

Na ɗauko gafakar fatar da yake ajiye takardunsa. Ya zazzage su a kan buzu, wasu sun yi ja don tsufa, gefensu ya cinye. Ya ware ta yanka, ya buɗe shafin ƙarshe inda salati ya tsaya, ƙasansa fili. Ya tsoma alƙalami a tawada. Sai a lokacin na gane abin da zai yi, na ce, "Kawu, ku dakata, a sake shawara." Bai ɗago ba. Ya daɗe riƙe da alƙalamin a sama har tawadar ta fara bushewa, ya sake tsomawa. Sannan ya rubuta sunansa, da na mahaifinsa, da Maiyama, da adadin baitocin waƙar, ya ƙara da cewa duk baitin da ba ya cikin wannan takarda ba nasa ba ne, kuma in an sami kuskure a cikinta shi za a tambaya.

Ya ɗauki ta gaba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har la'asar, ni ina shanya su a tabarma ina danne su da tsakuwa kada iska ta kwashe. Shekara da shekaru ina son in ga sunan nan a ƙasan takarda. Ga shi ina gani sau ashirin da wani abu, kuma kowane ɗaya sai da na ji kamar in tashi in gudu.

Ya ce in kai su shagona in buga da yawa, a kai mayanka da masallatai da makarantun allo, daga Jega har Aliero, har Gehuru da Birnin Malam. Na kwana biyu ina tsaye a gaban injin, sunansa yana fitowa da ɗumi yana taruwa a tire. Sarkin fawa ya manna ta yanka a bangon mayanka, ya kafa doka cewa abin da ba ya jikin bango ba Malam ya faɗa ba. Abin ya yi aiki gwargwado. Har yanzu ana tambayar wayar batun taki da ruwan sama, amma a kan yanka mahauta bango suke dubawa.

Sunan kuwa ya tafi inda Kawu ya hana shi zuwa shekara arba'in. Masu wa'azi suna ambatonsa kafin su rera baiti. Mutane suna zuwa daga nesa su gan shi, su yaba masa, wani har da ɗaukar hoto. Yakan sunkuyar da kai ya yi ta jan carbi har su gama. Tun daga ranar bai sake tsara waƙa ba. Alƙaluman suna nan a gefen buzu, ya daina feƙe su.

Na koma zuwa Maiyama kowane mako, amma wayata a aljihu take zama. Wata rana da hantsi, baƙi sun watse, daga ni sai shi, na matsa kusa na durƙusa na ce, "Kawu, don Allah ku yahe mini."

"Kai dai ka cika tada hankalinka," ya ce. "Na yahe maka tun ranad da kaz zo da sarkin hwawa."

Na ji wani nauyi ya fara sauka daga ƙirjina. Ya gyara zama, ya dubi gafakar da ke rataye a bango.

"Kai ka samu wanda kar roƙa," ya ce. "Ni wanda niɗ ɗaukam ma alkawali ya rasu. Ban san inda za ni biɗo tawa yahiyar ba."